Batirin Jirgin Kyaftin

Kyaftin suke ce masa, ko da yake jirgin nasa bai wuce ya ɗauki mutane kaɗan da buhunansu ya tsallakar da su waccan gaɓar kogin ba. Tun yana saurayi yake kan ruwa, kuma mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. In jirgi zai kwana biyu ba aiki, sai ya zare fis ɗin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kai wutar batir ga inji, ya shafe kan batir da giris, ya duba ruwansa. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan tsaya bakin rumfar jirgin da kwanon abincinsa tana jira ya gama. Ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ba, don ko gada za ta haye sai ta rufe ido.

Ranar da santsi ya kwashe shi a bakin ruwa ƙugunsa ya karye, babu zancen ƙa'ida. Shi aka yi asibiti da shi, jirgin kuma maƙwabta suka ja shi cikin rumfa yadda yake. Damina ta zo ta wuce yana kwance yana kallon silin, yana lissafin yadda batirinsa ke tsiyayewa a hankali.

Babban ɗansa ya daɗe yana so ya ɗauke su su koma wurinsa, inda akwai likita kusa, babu ruwa sai na famfo. Da magiya ta ishe shi, Kyaftin ya yi suɓul da baka.

"In na murɗa makulli jirgin bai tashi ba, na bi ka. In ya tashi, ka ƙyale ni da ruwana."

Ɗan ya ce ya yarda. Kyaftin kuwa ba ya magana biyu, shi ya sa tsoro ya kama shi tun kafin ya rufe baki.

Da ya fara takawa da sanda, suka ɗunguma rumfar da hantsi. Ya hau da ƙyar, ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Shiru. Ko ƙaran nan na ƙas bai ji ba.

"Baba, ka dai gani," in ji ɗan, a hankali.

"Na gani. Bar ni in duba gawar tukuna."

Ya sa aka kunna soket ɗin bango. Fitilar cajar da ke maƙale a jikin jirgin ta kawo kore nan take. Ya san halin cajar nan: in batir ya cika kore take nunawa, in ya mutu murus har ba ta jin sa, nan ma kore. Ya ɗaga murfin akwatin yana jiran ya ga farin garin nan da ke cin kan batir. Babu. Kawunan suna ƙyalli da giris. Ya buɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya, ruwa daidai wuya. Ya ciro ɗan kwan fitilarsa mai waya biyu ya ɗana, kwan ya haska har sai da ya kau da ido.

"Wannan batirin ya fi ni lafiya," ya ce. "To ina wutar take maƙalewa?"

Sai a lokacin ya laluba ƙarƙashin kujera. Bai fara ta can ba saboda ya san shi dai bai zare komai ba, kuma a duniyar Kyaftin abin da bai yi da hannunsa ba ba a yi shi ba. Gidan fis ɗin wayam.

Ya ɗago. Inna na tsaye inda ta saba tsayawa, hannunta a kan ƙullin bakin zanenta.

"Ke ce?"

"Ni ce. Shekara nawa ina kallon ka abinci na hucewa? Ai ko akuya ce ta koya. Nakan kunna masa cajar nan lokaci-lokaci, in ƙara masa ruwan da ke cikin jarkarka."

"Kika hau jirgi?"

"A kan tudu yake, Malam."

Ɗan ya yi dariya, amma Kyaftin bai yi ba. Ya lura har yanzu ba ta kwance ƙullin ba. Ya san ta fi kowa son tafiyar nan, ga jikoki, ga hutun fargabar da take yi duk ranar da iska ta taso yana kan ruwa. Da ta yi shiru ta ce ba ta san komai ba, da magana ta ƙare.

Sai ta kwance ƙullin, ta miƙa masa ɗan fis ɗin.

"Karɓi. Na ga yadda kwanciya ta mai da kai. Ba zan iya kallon haka har ƙarshen rayuwa ba."

Ya mayar da shi gidansa, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, hayaƙi ya cika rumfar. Ya kashe da sauri don babu ruwa a ƙarƙashinsa, ya zauna yana ajiyar zuciya, daɗi da kunya duk sun rufe shi.

"In iska ta taso ba zan fita ba," ya ce mata. "Na yi alkawari."

"Ɗanka shaida ne," in ji Inna. "Sauko, abinci na hucewa."