Kowa da gwaggonta a bakin hanya

Ba a daɗe da ba mu jiha ba anka kawo wata 'yar kudu bautar ƙasa makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Gusau. A Sabon Gari ta kama ɗaki. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma akwai ƙoƙari. Ita ta tara 'yan mata goma sha shida ta ce ƙungiyar dasa itace ce, za ta kai su Kucheri, gaba da Tsafe, su ga lambun da ake renon dashen mangwaro, su ɗauko su dasa a makaranta. Iyaye sunka ce ba su ba baƙuwa ɗiyansu sai da babbar mace cikin motar. Ni lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a makarantar, da furfurata ina koyon baƙi da wasali. Anka tambaya wa za ta raka su don Allah, kowa ta sunkuyar da kai. Bakina ya ja mani, na ce ni.

Akwai wani tela a layinmu, ɗiyarshi ta fi duk 'yan ajinsu kan karatu. Shi kuwa dalili yake nema ya cire ta, ta zauna gida tana mishi kalmasa da ɗinkin maɓalli. Na same shi har shago roƙon ya bar ta ta bi mu. Ya daɗe yana taka keke bai ɗago ba, sannan ya ce, "Inna, don ke ce. Amma in anka kira magariba ba ta cikin gida, ta gama boko ke nan. Kada ki zo mani da roƙo."

Na ce na ji. Na san shi, ba ya magana biyu.

Malama 'yar kudun ta zo da takarda ta rubuta lokacin komai, har lokacin shan ruwa. Direba ya tafi neman mai, sai hantsi munka tashi. Ba mu yi nisa da Gusau ba wata yarinya ta taɓa ni ta ce ga zauren kakarta can, rabon da ta gan ta tun salla, in tsohuwar ta ji ta wuce ba ta leƙa ba sai ta yi kuka. Na ce direba ya tsaya, minti biyar. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Mu ba a gaisuwa a ƙofa. Anka shigar da mu duka, anka shimfiɗa tabarmi, anka kawo ruwa, anka shiga dama fura. Maƙwabta sunka cika gidan kallon 'yan makarantar birni. Da munka miƙe tsohuwa ta rantse jikarta ba ta tafiya hannu rabbana, anka shiga bin kaza, kazar ta haye rumbu.

Daga nan fa kowace ta tuna tana da gwaggo a bakin hanya. In na ce a'a, sai a turo baki a ce an tsaya wa wance, ko ita ce ba ta da dangi. A cikin Tsafe kaɗai gida uku munka shiga. Direba ko a jikinshi, tunda duk inda anka tsaya shi ake fara miƙa wa kwarya. Malama sai duba agogo take tana tambaya ta ko an gama, ina ce mata saura kaɗan. A gida na huɗu ta ɗaga hannu za ta ƙi fura, na mintsine ta na ce ta sha ko da kurɓi ɗaya ne, kada ta ja mana magana. Kafin mu kai Kucheri motar ta koma kasuwa: kaji, zabi biyu, kabewa, ƙullin daddawa da ya hana kowa numfashi.

Bayan azahar munka isa, mai lambu ya gaji da jira ya tafi gida. Anka aika kiranshi. Ya zo, ga shi da son bayani, kowane itace sai ya faɗi inda anka samo irinshi. A nan munka yi la'asar. Da na sallame na duba rana, na ga ta fara yin ƙasa. Ɗiyar tela tana zaune gefe da dashenta a cinya, tana tauna bakin gyale. Ita ba ta da kowa a hanyar nan, ba ta sa an tsaya ko sau ɗaya ba. Ta tambaye ni a hankali ko za mu kai. Na ce ta tashi ta shiga mota.

Na tsaya bakin ƙofar motar na kafa doka. Mai jin fitsari ta yi yanzu. Daga nan sai Gusau, mai gwaggo ta ɗaga mata hannu ta taga. Wata ta ce an ce ta biyo ta karɓi ƙuli-ƙuli a Tsafe, na ce gwaggon ta cinye abinta. Direba kuma na ce mishi in ya taka birki ba don rami ko saniya ba, ni da shi ne.

Munka wuce Tsafe ana ta gunaguni. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta Kwatarkwashi tun muna 'yan mata a Bungudu, kuma gidanta na kusa da titi. Da safe da mota ta rage gudu a tashar garin na hango maƙwabciyarta, na leƙa na ce ta gaya wa Yaya zan biyo da yamma. Duk motar sun ji ni.

Rana ta yi ja a kan dutse da munka iso Kwatarkwashi. Tun daga nesa na gane ta. Tana tsaye bakin kwalta da sandarta, ga ciwon ƙafa, ga kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Direba ya sassauta da kanshi. Mai ƙuli-ƙuli ta ce daga baya, "A ɗaga mata hannu ta taga, ko Inna?" Anka yi 'yar dariya. Na san Yaya. In ta kama hannuna ba ta saki sai na shiga ciki na ci na yi salla.

Na ce, "Wuce."

Direba ya ce, "Inna, ko kwanon mu karɓa mana."

"Na ce ka wuce."

Na ɗaga mata hannu, ita ba ta ɗaga ba. Direba bai ƙara taka birki ba har munka shiga Gusau, zabi na ta kuka.

Layinmu na sa anka fara zuwa. Ladan yana ƙwanƙwasa lasifika yana gwada ta, tela na tsugune ƙofar gida yana alwala. Ya dubi ɗiyar, ya dube ni, ya ce ta shiga ciki kada ta zubar mishi da ƙasar dashen a zaure. Ko sannu bai ce mani ba. Na koma mota rabon ɗiyan mutane gida-gida, ana faɗa a kan kazar wa ce mai wake-wake. Ranar Litinin na ga yarinyar ta wuce makaranta da jakarta.

Bayan kwana biyu na hau mota na koma Kwatarkwashi. Yaya ta amsa gaisuwata kamar ta mai tallan goro. Ta ce dambu ne ta yi mani da zogale, tun la'asar take tsaye da ƙafar nan gaban mutanen tasha, daga baya ta juye wa awaki. Na ba ta labarin tela daga farko har ƙarshe. Ta saurara tsaf, sannan ta tambaye ni ko telan nono ɗaya munka sha da shi.

Ta huce daga baya, amma ba duka ba. Har Allah ya karɓi ranta, duk ranar da na je gidanta, kafin ta shimfiɗa mani tabarma sai ta tambaya ko mota na jira na a waje.