Ukashatu, Ba Shatu Ba

Ban taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Alhaji Tanimu mai fataucin fata a unguwar Kwarbai ba. Wajen shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar ne, lokacin da maigidana a roƙo ya fara sakar mini taron suna ni kaɗai.

Ku da kuka taso da lasifika, bari ku ji tsarin. Da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro. Uba ya raɗa wa liman sunan, liman ya yi addu'a ya raɗa wa sanƙira, wato ni, ni kuma in ɗaga murya har mata su ji daga ciki su rangaɗa guɗa. Sannan a yanka rago. Abin da bakina ya fitar, shi gari zai riƙe.

To, a ranar nan liman ya sunkuyo ya ce, "Ukashatu." Audu da Garba na kira su ba adadi, amma wannan wallahi ban taɓa ji ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, maimaita." Ya maimaita, na riƙe shi tsaf. Ashe wata gwaggo mai rawar kai tana laɓe a zaure. Ina buɗe baki ta saki guɗa, ta cinye rabin sunan. Wutsiyar ce kawai ta isa kunnen jama'a: Shatu.

Sai ga Malam Barau, uban mai jego, manomi da ya taho a ƙafa daga ƙauyensu, ya miƙe yana karkaɗe riga. "Shatu? Namiji 'yata ta haifa! Haka kuke yi a birni? Kada a taɓa ragon nan sai an sake suna." Liman ya ce sunan sahabi ne, tsoho bai ko waiwaya ba. Don a zauna lafiya liman ya fara cewa ko a mai da shi Abdullahi.

Alhaji kuwa kansa a ƙasa, ina zai iya musu da suruki a gaban mutane? Ya jawo hannuna ya raɗa mini cewa sunan abokin tafiyarsa ne zuwa Makka, wanda ya yi jinyarsa a hanya, shi kuma ya rasu a Sudan bai bar ɗa ba. Alhaji ya yi masa alkawarin zai sa wa ɗansa sunansa. Na ga idonsa ya ciko, tausayinsa ya kama ni.

Na leƙa zaure na ce, "Gwaggo, don Allah riƙe maƙogwaronki sai na gama." Na juyo wajen tsoho. "Baba, mun gane ka. Kishi kake, an haifo mai ƙwace maka tsohuwa, shi ya sa kake so ya zama Shatu." Wuri ya kaure da dariya, shi ma gemunsa ya motsa.

Sai na tsaya na fasa sunan gaɓa-gaɓa yadda kurma ma zai ji: "U-ka-sha-tu! Magajin mai amana, wanda ya goyi abokinsa a hanya, ƙasar Sudan ta riƙe shi!" Malam Barau ya dubi surukinsa ya ce, "Haka ne, Tanimu?" Alhaji ya gyaɗa kai. Tsoho ya zauna ya ce, "A yanka." A nan gwaggo ta samu filinta.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba baƙon suna suke ƙi ba, sunan da ba su san mai shi ba ne. Ka faɗe shi daidai, ka faɗi wanda ya ci shi, za su karɓa. Kafin na aje roƙo na kira shi a Ƙofar Galadima, na kira shi a cikin Kwarbai sau da yawa.

Amma kira na biyu a ƙauye na yi shi. Damina biyu bayan haka Malam Barau ya yi mini sallama da kansa, an yi wa ɗansa haihuwa. Ya ce, "Taso mu tafi. Sunan nan nake so, har yau bakina ya kasa shi, kai za ka fitar mana."