Ranar da Kawu ya zuba wa babur ɗina baƙin mai

Shekarun baya can, kafin in yi aure, na sayi wani dogon babur a Maigatari, irin mai shiga yashi. Na hannu ne, amma injinsa na zamani: fetur a tanki, baƙin mai a mazauninsa can ƙasa, ba ruwan wani da wani. Ƙararsa ƙasa-ƙasa, ba hayaƙi. Ina ji da shi har abin ya yi yawa.

Kawuna tsohon malamin gona ne, shi ma dogon babur gare shi tun zamanin aikinsa, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ba shi da nauyi, ga zafin tashi, amma in ya kunna shi duk unguwarmu a Gumel sai ta sani. A wurinsa, babur ɗin da ba ya hayaƙi ƙishirwa yake ji.

Ranar da zan je gaishe da iyayen wadda zan aura a Ɗanzomo, Kawu ya ari nawa da safe wai zai leƙa gona. Ya dawo yana murmushi.

"Ɗan nan, ka kusa kashe injin nan. Na leƙa tankin, fetur zalla! Na gyara maka."

"Kawu, me kuka zuba?"

"Baƙin mai mana. Na ma ƙara, tunda ya daɗe bai samu ba."

Na ce masa wannan ba irin nasa ba ne, shi baƙin mansa yana can ƙasa. Ya ce tun ba a haife ni ba yake hawan babur. To me zan ce? Yayan mahaifiyata ne. Ga lokaci ya ƙure, mutane suna jira. Na sa farar shaddata, na hau.

Tun kafin in bar gari hayaƙi ya fara bin bayana kamar ana ƙona tayoyi. Masu acaba suna wuce ni suna toshe hanci. Da na sauka daga kwalta na shiga yashi, sai injin ya fara tari, ya yi tari, ya mutu. Na buga, na buga, har takalmina ya tsinke. Na kwance fulogi, na same shi baƙi ƙirin, na goge da hankicin da na fesa wa turare. Ya tashi, ya ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Ƙarshe turawa na yi, ga nauyi, ga rana, tayoyi suna nutsewa.

Na isa bayan la'asar, shadda duk shatin yatsu. Mahaifin yarinyar yana zaune a ƙofar gida da ƙannensa, tun azahar suke jira. Na durƙusa na gaishe su, na ba da haƙuri, na faɗi abin da ya faru, ina sa ran a tausaya mini.

Dattijon ya dubi babur ɗin, ya dube ni.

"Wato da can fetur zalla kake ba shi?"

"E, Baba. Haka irinsa yake."

Ya girgiza kai. "Allah ya yi wa kawun nan naka albarka. Da ka ƙona shi."

Ashe shi ma irin na Kawu ya hau a ƙuruciyarsa. Na ce "amin", don ba a musu da suruki ranar farko.

Washegari bakanike ya juye tankin, ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, babur ya dawo daidai. Auren ma an yi. Abin da har yau yake cin raina shi ne, mutanen nan biyu sun zama aminai, kuma duk taron suna sai sun ba da labarin yadda suka ceci injina. Na daina gyara musu zancen. Amma makullin tanki a aljihuna yake kwana, ko wa ya ari babur.