Garin Ƙwan da Mai Shayi Ya Yi wa Auta

Duk wanda ya taɓa bi ta kwanar tashar mota da sassafe ya san Mai Shayi, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar cokalinsa a cikin kofi. Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye rabin gemunsa, bayan hannunsa na dama duk tabon fantsamar mai. Teburin na yayansa ne tun asali. Yayan ya koma tuƙin babbar mota, shi kuwa ya zauna, har ga shi yau 'ya'yan waɗanda ya fara soya wa ƙwai su ne ke kawo nasu 'ya'yan. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, Mai Shayi take ce masa.

Shayinsa dai shayi ne kamar na kowa. Abin da ya yi suna a kai shi ne ƙwai, don ƙwansa sai ya yi iyo a cikin mai kafin ya yarda ya sauke shi. A wurinsa soya ƙwai ba mai rowa ce, rowa kuwa ba abin da ya tsana kamarta. Direbobin da likita ya hana cin maiƙo sukan roƙe shi ya rage, ya ce to, an gama, alhali hannun ya riga ya tuntsurar da kwalbar. Ba da gangan yake yi ba. Hannun ne ya daɗe da daina neman izininsa.

Da wannan kasko ya aurar da manyan 'ya'yansa, da shi kuma ya yi wa autarsa karatu. Auta tun tana ƙarama ba ta da aiki sai kwance masa rediyo ta sake ɗaurawa, wani lokaci rediyon ya yi magana, wani lokaci ya yi shiru ke nan har abada. Yanzu ga ta ma'aikaciya a kamfanin gyaran turakun sadarwa, dogayen ƙarafan nan da ke kawo sabis a waya. Masu shan shayi Injiniya suke kiranta. In ya ji sai ya yi kamar bai ji ba, amma wanda ya faɗa sai ya tarar an ƙara masa madara.

Abu ɗaya ne ke hana shi sakewa da aikin nan. Wasu turakun a kan duwatsu suke, inda mota ke kaiwa gindi ta tsaya. Daga nan sai ƙafa, kowa da jakarsa a baya, da kayan aiki, da bargo, da abin da zai ci har a gama. Kuma tunda turken ne ya lalace, babu kira babu saƙo sai ranar da suka tayar da shi.

Tafiyarta ta farko shi ya haɗa mata guzuri, kuma ya haɗa shi yadda zuciyarsa ta so: dafaffen ƙwai cike da roba, manyan burodi, gwangwanayen madara da na kifi, har da 'yar kwalbar mai ko za a buƙata. Ya ɗaga jakar ya ji ta da nauyi, hankalinsa ya kwanta. Auta ta dawo da kafaɗu a saɓule, idanu sun faɗa. Sai da uwarta ta matsa mata sannan ta faɗi gaskiya. Rabin kayan tun a gindin dutse ta rabar, burodin ya yi funfuna, ƙwan bai je ko'ina ba ya fara wari, ƙarshen aikin da ruwan shayi da biskit ɗin abokan aiki ta lallaɓa. Mai Shayi ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Mutumin da ke ciyar da tasha guda, a ce 'yarsa ta yi yunwa.

Da aka sa musu ranar tafiya ta biyu, Auta ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce nauyin abinci ruwa ne, kuma ruwan ne ke ɓata shi. Ruwa kuwa akwai shi a can, ƙorama ce ke gangarowa daga dutsen. Abin da ake so a raba abincin da ruwansa tun daga gida. Na rana ba ya son wuta, don ba a tsayawa kunna risho ana tsakiyar hawa, sai abin da za a jefa a baki ana tafe: gyaɗa, dabino, busasshiyar ayaba, da burodin da aka yanka siri-siri aka gasa har ya yi ƙaras. Na safe kuwa ganyen shayi da garin madara da sukari ƙulli guda, sai garin ƙwai. A kaɗa ƙwan, a gasa shi a kasko, a farfasa, a busar da shi ƙayau, a niƙa, a haɗa da busasshen tumatir da albasa da gishiri. A can sai a zuba masa ruwan zafi a rufe, ya kumbura ya dawo ƙwai.

"Amma ban da mai, Baba," in ji ta. "Ko ɗigo. Mai ba ya bushewa. Shi zai riƙe danshi ya lalata sauran."

Ya dube ta kamar ta ce ya soya ƙwai ba ƙwai. Amma ya ce to.

Mai Burodi, maƙwabcinsa da ke kawo masa kaya kullum, ya yarda a riƙa busar da farantan ƙwan a tandarsa bayan an kwashe burodi, lokacin da zafin ya lafa. Kaskon farko a gaban Auta aka yi shi. Ƙwan ya kama ƙarfe, Mai Shayi yana kankarewa yana tsaki, yana cewa wannan ko fursuna aka ba sai ya kai ƙara. Haka ya daure ya yi ta yi. Kasko na ƙarshe ne ya faɗo ranar da motoci suka cika tasha, Auta kuma tana ofis. Wannan na kiran shayi, wancan na kiran burodi, shi kuwa yana sarrafa kasko biyu. Ya dai lura ƙwan Auta ya zame daga kaskon sumul bai kama ba, ya ce a ransa kaskon ne ya fara sabawa. Da yamma aka haɗa farantan duka aka niƙa wuri guda.

Shi ya ƙulla da hannunsa, kowane cin safe a farar takarda irin wadda yake naɗe wa mutane burodi, sannan a leda. Na safe ya ɗaure da farin zare, na rana da ja. Da ya ɗaga jakar sai gabansa ya faɗi, don ba ta kai nauyin butarsa ta shayi ba. Auta ta goya ta, ta yi tsalle sau biyu a tsakar gida tana dariya, ta ce yanzu ne ta san tana da uba.

Ba wanda ya san ya ɗebi nasa kason. Ya zuba garin ƙwan a tsohon gwangwanin madara, ya ajiye a ƙarƙashin tebur kusa da risho. Kullum da safe, daidai lokacin da yake jin sun tashi a can, sai ya ɗiba a kofi, ya zuba ruwan zafi, ya rufe da faranti, ya ci a tsaye. Tunda ba zai ji muryarta ba, bakinsa zai gaya masa abin da take ci. Direbobi suka gano, suka sa shi gaba da tsiya, wai Mai Shayi ya koma shan kokon jarirai. Ya ce su sha shayinsu su ba shi wuri. Safiyar farko da ta biyu abin ya yi daɗi har ya ba shi haushi, wai ƙwai ba mai ya yi wannan armashi.

Wata safiya ya buɗe gwangwanin, wari ya bugi hancinsa. Wari ne da ya sani sarai, warin tsohon mai da ya kwana a tsumma. Ya sa yatsa, ya ji garin ya dunƙule, yana da santsi. Nan take ya tuna kaskon da ƙwai ya zame sumul. Ya dubi hannunsa na dama ya daɗe yana dubansa, ruwan buta na tafasa yana zuba a kan risho bai ma ji ba.

Ya bar teburin a buɗe ya nufi gidan burodi da gwangwanin. Mai Burodi ya sansana ya kau da kai, sannan ya shiga ba shi baki. Ya ce a kan dutse sanyi ake yi, nasa kuwa a gefen wuta ya ajiye, dole ya riga lalacewa. Maganar ta shiga kunnensa, amma ba ta zauna ba. Jakar a bayan Auta take yini, cikin rana, a manne da gumin jikinta. Ya kira lambarta, aka ce ba a samun ta. Ya san haka za a ce, ya sake kira duk da haka.

A gida matarsa ta ce ya zubar, ya bar wa Allah. Yarinyar nan tana da hanci kamar kowa, in ta ji wari ba za ta ci ba. Ya ce ai nan ne matsalar. In ba ta ci ba yunwa, tana hawa ƙarfe mai tsawon bene da ciki wayam. In ta ci kuwa, ciwon ciki a inda babu kemis babu mota. Kuma ya san halin Auta, ba ta zubar da abin da ya fito daga hannunsa. Tana ƙarama ma ƙonannen gefen ƙwai take cinyewa don kada ya ji ba daɗi.

Ya koma tasha, ya ɗebi garin a kofi, ya zuba ruwan zafi, ya rufe da faranti. Ya cinye tas, yana haɗiya da ƙyar. So yake ya san iyakar abin da garin zai yi wa mutum. In lafiya ce, shi ke nan. In kuma ba lafiya ba, ya dai sani.

Kafin azahar cikinsa ya fara murɗawa. Kafin la'asar ya rufe tebur, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori. Amai da gudawa suka sa shi gaba. Matarsa na dama masa ruwan gishiri da sukari tana faɗa, tana cewa tsofai-tsofai da shi ya ɗauki guba da hannunsa ya sha. Shi kuwa ba ta kansa yake yi ba. Duk murɗawar da cikin ya yi, Auta yake gani a duƙe bayan wani dutse, abokan aikinta maza sun juya baya suna jira. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya, don da hannunsa ya ƙulla mata, har da farin zare. Wayar tana kan ƙirjinsa, lokaci-lokaci ya danna, a ce ba a samun ta.

Haka ya kwana biyu a kwance. Direbobi suka yi ta zuwa dubiya suna tsokanarsa, suka ga ba ya ramawa, suka fita. Matarsa ta nemi gwangwanin za ta zubar, ta tarar ya tura shi ƙarƙashin gado. Ta ce in ya ƙara taɓa shi, ita da kanta za ta kai ƙararsa wurin Auta. Ya ce Allah ya sa akwai Autar da za a kai wa ƙarar. Ta zauna a bakin gado kusa da shi.

Da hantsi wayar ta yi ƙara a kan ƙirjinsa. Muryar Auta ce, ras, iska na kaɗawa a bayanta. Ta ce yanzu-yanzu suka tayar da turken, shi ne kiran farko da aka yi da shi. Bai amsa gaisuwar ba ma, ya ce kada ta ƙara taɓa ƙwan nan, akwai mai a ciki, shi ya zuba.

Ta yi dariya. Ta ce ai tun safiyar farko ta ga mai ya fito a jikin takarda. Shi ya sa ta kwance ƙullin ƙwan duka, suka haɗu da abokan aiki suka cinye tun yana da kyau, su kuma suka riƙa ba ta nasu guzurin daga baya. Har shugabansu na tambaya ko ana sayarwa.

"Tun ina goye nake kallon hannun nan, Baba. Na san ba zai iya ba." Sai ta tsaya. "Me ya sami muryarka?"

Ya ce mura ce. Matarsa ta fizge wayar ta zayyana mata komai, gwangwanin, da warin, da kofin da ya shanye, da teburin da ke rufe. Ta mayar masa da wayar a kunne.

"Baba, ka ji warin, kuma ka ci?"

"To in ban ci ba, Auta, ta ina zan san halin da kike ciki?"

Ya ji ta ja hanci. Ta ce ya sha ruwan gishirin da Mama ta dama, duka, tana kan layi ba za ta kashe ba sai ta ji ya shanye. Ya ce za a cinye mata kati. Ta ce turken nasu ne.

Matarsa ta miƙo kofin. Ya karɓa da hannun daman nan mai tabo, ya kafa kai yana sha yana haɗiya da ƙarfi yadda za ta ji daga can.