Hantar Maitama Mai Feshi

Sunana Maitama, amma a Dayi in ba ka ce Mai Feshi ba, babu mai nuna maka gidana. An haife ni shekarar da fari ya ƙone gero a tsaye. Inna ta ce da cikina ta yi wata uku tana cin tafasa da dusa, kuma ban cika shekara shida ba Baba ya rasu. Abin da na riƙe na ƙuruciya yunwa ce da faɗuwar gaba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura.

Ina ɗan shekara goma na fara feshin auduga. Da hannu nake dama maganin ƙwarin, in goge a riga, in ci rogona. Jarkar da ta ƙare kuwa ɗauraya ɗaya nake mata in zuba ruwan sha. Da na girma sai abin ya zame mini taƙama. Abokan aiki su yi jiri su nemi inuwa, ni ina tsakiyar gona ina musu dariya. Wani malamin gona ya taɓa ba ni safar hannu, na kai wa matata Barakatu tana wanke-wanke da ita. Shekara da shekaru ina shaida wa jama'a, daga Kafur har Malumfashi, cewa hantata ta ƙarfe ce. Alhali ko ɓangaren da take ban sani ba.

Bara hantar ta nuna mini inda take. Idona ya yi rawaya, gefen damana ya ɗauki ciwo, tuwo ya fita kaina. 'Yata Najiba, mai karatun kimiyya a Zariya, ta kai ni asibiti a Funtuwa. Aka ɗebi jini, ba a sami ƙwayar cutar hanta ba.

"Malam, kana shan giya?" in ji likitar.

Na ce, "Hajiya, a gaban 'yata?"

Ta ba ni haƙuri, ta tambayi sana'ata, sannan ta shiga tambayar ƙuruciyata, har abin da Inna ta ci da cikina. Da muka fito na ce wa Najiba ni ciwo na kawo, ba tarihi ba.

Ta ce, "Baba, a cikin hanta akwai ƙwayoyin gado, su ke tsara yadda za ta tace guba. Wahalar da yaro ya sha tun yana ciki, da gubar da ya shaƙa yana ƙarami, suna iya sa wasu su yi shiru, wasu su yi ta aiki ba hutu. Kuma abin yakan bi mutum har girma."

"An tabbatar?"

"A jikin ɓeraye aka fi gani. A kanka likita ba za ta rantse ba."

Na tsaya a bakin titi. Duk wannan cika baki, ashe sai an duba ɓera ake gane halin da nake ciki.

An ba ni magani, an raba ni da feshi da jiƙe-jiƙen da nake ɗirka. Sauƙi ya samu, ko da yake ban koma kamar da ba. Yanzu albasa nake sayarwa a bakin hanya, kuma na zama fitina a gida. Matar ɗana Zubair tana da ciki, na kafa doka ita za a fara zuba wa abinci, kada kuma wanda ya ɗaga mata murya. Shekaranjiya Zubair ya shigo da kayan feshi a jikinsa, na kora shi waje da tsawa. Matar tasa kuwa ta firgita har ta yar da kwano.

Barakatu ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, duk gidan nan kai kaɗai ke karya dokar."