Baitin Kanurin Da Ya Bukar Ya Sa Ni Yi

Jiya ina cikin keke napep daga Gamboru zuwa Bulumkutu, sai na ji muryata tana fitowa daga sifika. Tsohuwar waƙata ce ta hip hop, wadda maigidana na farko, Ya Bukar, ya naɗa min a ɗan kamfaninsa na waƙa mai ɗaki ɗaya.

Ƙa'idarsa ce: duk mawaƙinsa sai ya yi baiti ɗaya da yaren uwarsa. Ni na yi da Kanuri, ina ƙunƙuni. Da wani babban kamfani ya kira ni Legas, suka ce in bar wannan ƙauyancin. Na yarda. Na tafi ko sallama ban yi wa Ya Bukar ba.

Ana zuwa baitin Kanurin, sai direban ya ƙara sauti, yana bi har da dukan sitiyari.

Na ce, "Malam, ka san mawaƙin?"

Ya ce, "Wai yana Legas. Sababbin waƙoƙinsa kam ban san da wa yake magana ba. Amma wannan, har tsohuwata ta haddace. Allah ya jiƙan Ya Bukar, da hannunsa ya saka min ita a memori."

A bakinsa na fara jin rasuwar. Na sauka ban iya ce masa ni ne mawaƙin ba.

Idan akwai irin Ya Bukar a unguwarku, ku ambace shi a wurin sharhi a ƙasa tun yana iya karantawa.