Garuruwan Mai Murjani a Daro Ɗaya

Tun yana yaron mota ake yi masa dariya. In an sauka a gari, sauran su nufi mai shayi, shi kuwa ya shiga kasuwa neman tsohuwa mai sayar da duwatsun wuya. Ba ya sayen sarƙa sukutum. Ƙwaya ɗaya yake zaɓa, ya jefa a kwalin ashana, ya tura aljihu. A tasha har suna suka laƙaba masa, Mai Murjani. Lokacin da ƙarfi ya ja baya ya ajiye tuƙi, kwalayen sun cika kantar ɗakinsa, a jere yadda garuruwan suke bin juna a hanya. Bai taɓa rubuta komai a jikinsu ba, jerin kawai yake bi ya tuna.

Wata rana yana asibiti ana duba masa ido, don idon ya fara yin yana, aka tsuge da ruwa. Rufin ya yi yoyo daidai kan kantar. Matarsa ta ga kwalaye suna narkewa, sai ta jawo daro ta juye komai a ciki, ta wanke tas.

"Ga dukiyarka nan, Malam," in ji ta da ya dawo. "Ko ɗaya bai ɓace ba."

Ya leƙa cikin daron.

"Baiwar Allah, kin haɗa min gabas da yamma."

"To da na bari ruwa ya tafi da su? Mutum ya yi abin kirki, ko sannu babu!"

Babban ɗansu, wanda tela ne, ya leƙo. "Baba, idon nan ba zai iya ba. Ka bar min su in yi wa mata ado a wuyan riga, kowa ya huta."

"Taɓa ɗaya ka gani, in ba da hannun hagu za ka koma ɗinki ba."

Washegari ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya sa daron a gaba. Tunda ido ya ƙi, sai ya koma ga yatsa da haƙori. Na kwalba yana ƙara ƙas in ya ƙwanƙwasa. Na dutse sanyi gare shi a harshe, na ƙashi kuwa babu. Na tagulla warinsa ke tona shi.

"Haƙoran nawa suka rage maka da za ka ƙarar a dutse?" in ji matar.

"Waɗanda suka rage ƙwararru ne."

Wani mai ɓantararren gefe ya faɗo hannunsa. "Yauwa! Garin bayan gada, inda birki ya tsinke min." Ya zura shi a zare mai ƙwari, ya ɗaure ƙulli, sannan ya laluba na gari na gaba. Ƙulli tsakanin kowane biyu, yadda ko zaren ya tsinke ba za su sake cakuɗewa ba. Wani dutsen yakan gane shi nan take, wani sai ya wuni yana murza shi. Damina ta wuce yana kai.

Daga ƙarshe saura ƙwaya ɗaya a gindin daron, ƙarama, mai santsi. Ya ciza, ya shinshina, ya bi hanyar nan kaf a ransa, babu garinta. Ya ƙi ɗaure zaren.

Matar ta karɓa ta ɗaga a haske, sai ta fashe da dariya.

"Wannan ai ba saya ka yi ba. Daga abin hannuna ta faɗo, wanda ya tsinke shekarar da na haifi telan naka. Ashe kai ka tsince?"

Ya miƙo tafin hannu. "Kawo. Gurbinta farkon zare, daga gidan nan nake tashi kullum."

"Sai ka ce sannu tukuna."

"Sannu. Riƙe min bakin zaren, kuma kada ki wanke komai."